Malejin Motar Ƙwai

A layin masu sana'a, tsakanin shagon Tela da rumfar mai aski, akwai wani ɗan akurkin shago mai taga ɗaya, inda wani mai gyaran agogo yake zama. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Ƙaramin-Alhaki yake ce masa, domin duk abin da ya lalace a duniyar nan, daga rediyo har jirgin sama, in aka ambata a gabansa sai ya taɓe baki ya ce ai wannan ƙaramin alhaki ne. Agogo goma sha huɗu ne rataye a bangon shagonsa, kuma babu biyu da suka taɓa yin baki ɗaya. In baƙo ya tambaya, sai ya ce da gangan ya yi, kowanne lokacin wata ƙasa yake nunawa.

Yana da yaya mace, wadda ita ta goya shi tun yana tsumma. Kiwon kaji take yi, tana da wata tsohuwar bas ta ɗaukar kaya da ake rarraba mata ƙwai da ita. Motar ta ga jiya ta ga yau. Malejinta, wato agogon nan da ke gaban direba yana nuna gudu, ya shekara uku da mutuwa, allurarsa kwance a kan sifili ko ana gangara ko ana hawa. Wannan bai taɓa damun Baba Direba ba, dattijon da ya shekara ashirin yana jan ta. Shi da kunne yake auna gudu: in ƙofar baya ta fara kaɗawa an kai arba'in, in akwatin gaba ya buɗe da kansa an kai sittin, kuma bai taɓa son sanin abin da ke bayan sittin ba.

Ana nan sai wani babban otal ya nemi Yaya ta riƙa kawo masa ƙwai kullum, cinikin da ta daɗe tana addu'ar samu. Sharaɗinsu ɗaya ne: motar da za ta shiga harabarsu sai tana da takardar shaidar lafiya. Aka sa mata ranar gwaji, Alhamis da safe. Bakaniken da ke ƙarshen layi ya duba taya da birki ya ce lafiya lau, saura maleji, a kawo masa ranar Laraba ya leƙa ƙarƙashi.

Tsautsayi ya sa Ƙaramin-Alhaki yana gidan Yaya yana cin abincin rana ranar Litinin lokacin da ake wannan magana. Ya ajiye cokali kamar wanda aka zaga.

"Yaya, kina da ƙane mai gyaran agogo, ki ɗauki agogo ki kai wa mai wanka da baƙin mai? Maleji ai agogo ne da ya samu aiki a mota."

"Agogon bangona da ka karɓa tun bara fa?"

"Yana samun kulawa ta musamman."

Ta ce masa wannan ba abin wasa ba ne, abincin gidanta ne da na ma'aikatanta. Ya dafa ƙirji ya ce in allurar nan ba ta tashi kafin yammacin Laraba ba, a cire masa suna daga cikin masu sana'a. Yaya ta san halin kayanta sarai. Amma jini ya fi ruwa kauri, kuma can ƙasan zuciyarta ta daɗe tana fatan ranar da ƙanen nan nata zai yi abin da za ta faɗa a cikin mutane ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ta ce Baba Direba ya kai masa motar.

Da aka faka bas ɗin a ƙofar shago, Baba Direba ya fara cewa a hankali, shi a ganinsa da an fara duba wayar nan da ta taso daga giyabos, wato akwatin giya, ta shiga bayan maleji, don ranar da malejin ya tsaya ya ji wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashi. Ƙaramin-Alhaki ya katse shi. Ya ce likita ba ya fara duba mai ciwon kai daga tafin ƙafa, kuma shi bai sa farar riga don ya yi birgima a ƙarƙashin mota ba. Dattijon ya miƙa masa makulli, ya samu benci a inuwa ya zauna.

Ƙaramin-Alhaki ya maƙala tabaron nan na ido ɗaya da masu gyaran agogo ke sawa, ya ɗauki sukundireba ya hau kwance gaban mota. Duk kusar da ya gani sai ya cire, wadda ta shafe shi da wadda ba ta shafe shi ba. Rediyo ya fito, akwatin gaba ya fito, murfin sitiyari ya fito, malejin dai yana nan daram. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya zura hannu ta baya ya fizgo. Malejin ya fito, tare da wani dami na wayoyi ja da kore da rawaya, sai hon ɗin motar ya ɗauki kuka ya ƙi tsayawa.

A daidai lokacin mai aski yana gyara wa wani mutum gashin baki. Hannunsa ya zabura, rabin gashin bakin ya tafi. Mutumin ya fito da zane a wuya yana neman wanda zai shaƙe, mai aski na biye da shi yana ba da haƙuri, Tela ya fito da almakashi a hannu, kajin maƙwabta suka watse. Ƙaramin-Alhaki ya dinga tsinke wayoyi ɗaya bayan ɗaya har Allah ya sa ya dace da ta hon ɗin. Da wurin ya yi shiru sai ya leƙo ta taga ya shaida wa jama'a cewa hon lafiyarsa ƙalau, ya gama gwada shi, kowa na iya komawa bakin aikinsa. Mai rabin gashin baki ya ce Allah ya isa, aka aske masa ɗaya rabin.

Washegari Ƙaramin-Alhaki ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburinsa ya ɗora malejin, ya kira Tela ya zo ya ga yadda ake aikin ilimi. Ya ɓalle gilashin, ya ɗaga fuskar mai lambobi. A ciki bai ga abin da ya saba gani a agogo ba. Wani ɗan mayen ƙarfe ne a cikin ɗan kofi, sai wani siririn sifirin nannaɗe kamar gashi, wanda shi ke mayar da allura kan sifili. Ya ce ga ɓarawon nan, ya sa ɗan hantsaki ya taɓa shi. Sifirin ɗin ya yi tsalle ya bi iska.

Suka yi sa'a guda suna rarrafe a ƙasa, shi da Tela. Suka samo maɓalli uku da wani tsohon batir da ƙwayar magani, sifirin dai ko alamarsa. Da ya miƙe, gwiwar hannunsa ta danne allurar malejin ta karye gida biyu.

"Wannan ma cikin aikin ne?" in ji Tela.

"Dama ta gaji. Allurar da ta shekara uku kwance ai ta manta tsayuwa."

Ya sauko da agogon bangon Yaya, wanda ke samun kulawa ta musamman a bayan ƙofa, ya cire masa hannun minti ya dasa a malejin. A madadin sifirin ya ɗaura siririyar robar ɗaure kuɗi. Saura gwaji, kuma don ya gwada sai an juya malejin ta baya kamar yadda mota ke juya shi. Idonsa ya faɗa kan keken ɗinkin Tela. Tela ya ce a'a, yana da wandon mutane da zai gama. Ƙaramin-Alhaki ya ce ai ba hana shi ɗinki zai yi ba, ya ci gaba da ɗinkinsa, shi aron juyawa kawai zai yi. Ya samo wata waya ya ɗaure bakinta ɗaya a tsakiyar ƙafar keken, ɗaya bakin ya cusa a bayan maleji.

Tela ya taka, sai ga allura ta motsa. Ta kai ashirin, ta kai arba'in. Mai aski ya baro rumfarsa, masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa. Ƙaramin-Alhaki ya ɗaga malejin sama kowa ya gani, yana cewa Tela ya ƙara wuta. Tela da bai taɓa tuƙa ko babur ba ya ji daɗin abin, ya cije leɓe ya dinga taka feda har ya yi tamanin yana zaune a shagonsa, ɗinki yana gudu a kan wando ba ji ba gani. Ana shirin kaiwa ɗari sai wani abu ya ce ƙaras a cikin malejin. Ɗan kofin ya tsage, wasu ƙananan haƙora suka zubo a cinyar Ƙaramin-Alhaki, allura ta koma ta kwanta. Ya yi maza ya tattare su ya zuba a aljihu, ya ce gwaji ya kammala cikin nasara. Tela ya ɗaga wandon ya ga ya haɗe ƙafafun biyu da ɗinki tun daga gwiwa har ƙasa.

Ranar Laraba da hantsi Bakanike ya biyo ta layin yana goge hannu da tsumma. Ya leƙa cikin bas ɗin ya ga wayoyi sun zubo kamar hanjin akuya.

"Likita, yaya mai jiki?"

"Yana farfaɗowa. Ku da kuka saba da guduma ba za ku gane ba."

"In bar maka sifana ko za ka leƙa ƙarƙashi?"

"In ka ga agogo a ƙarƙashin mota ka kira ni."

Bakanike ya ce Allah ya ba da lafiya, ya wuce. Ƙaramin-Alhaki ya rufe ƙofar shago ya zazzage aljihunsa a kan tebur, ya daɗe yana kallon tarkacen. Ko shi ya san wannan ya fi ƙarfin gam. Yaya za ta zo da yamma. Zuwa wurin Bakanike kuwa, bayan maganar da ya yaɓa masa, gara a ce ya bar garin. Yana cikin wannan zulumi sai ya hango wani kwarkwaron baƙin zare na Tela da ya gangaro ƙarƙashin bencinsa jiya. Ya ɗauka ya jujjuya, fuskarsa ta washe. Mene ne aikin maleji in ba allura ta tashi in mota ta tashi ba? Wa ya ce dole sai giyabos ne zai tashe ta?

Ya kwashe sauran kayan cikin malejin ya bar fuska da allura. Ya ɗaura zaren a gindin allurar ta baya, ya zagaya shi a kan wani ɗan gargare na agogo, ya zuro shi ta ƙarƙashin gaban mota har gefen kujerar fasinja. In ya ja, allura ta hau. In ya saki, roba ta mayar da ita. Wayoyin da ya tsinke kuwa ya haɗa su yadda launinsu ya yi masa kyau a ido, ya mayar da komai, kusoshi bakwai suka yi saura, ya ce dama kamfani ne ya yi almubazzaranci.

Da yamma Yaya ta zo. Ta zauna a tsakiya, Baba Direba a sitiyari, shi kuma a bakin ƙofa, hannunsa na dama a ƙasa kamar mai sosa ƙafa. Mota ta tashi, allura ta tashi. Aka rage gudu a kwana, ta sauko a hankali kamar mai ladabi. Yaya ta kalli allura ta kalli ƙanenta, idonta ya kawo ruwa, ta ce ashe dai za ta ga wannan rana. Wani abu ya ɗan soki Ƙaramin-Alhaki a ƙirji, amma daɗin yabo ya danne shi, har ya ƙara jan zaren kaɗan don ya burge ta.

Baba Direba ya yi gyaran murya ya ce abin mamaki, allura ta ce sittin, ga shi ko ƙofar baya ba ta fara kaɗawa ba. Ƙaramin-Alhaki ya ce ƙofar ce ta tsufa ta daina lissafi, yanzu zamanin kunne ya wuce.

Da suka dawo bai bar kowa ya huta ba. Ya bi layi shago-shago yana gayyatar mutane su zo filin gwaji gobe su ga yadda hukuma za ta sa hannu a kan aikinsa. Bakanike ma sai da ya je ya same shi har gareji, ya ce ya zo da takarda da biro ko zai ƙaru.

Ranar Alhamis tun da safe aka loda wa motar kiret-kiret na ƙwai har kusa da rufi, don daga filin gwaji otal za a wuce da kayan farko. Filin wani fage ne mai faɗi da aka zagaye da waya, motoci sun yi layi, direbobi sun taru a inuwar wata rumfa suna jira. Tela da mai aski da Bakanike duk sun zo, sun tsaya tare da Yaya. Ƙaramin-Alhaki ya sha farar riga sabuwar guga, ya hakimce a kujerar gaba, zare a yatsa.

Mai gwajin wata mata ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, tana riƙe da allon rubutu. Ta zo bakin ƙofa ta ce masa ya sauko, nan wurin zamanta ne. Ya ce shi ne injiniyan motar, dole ya zauna ya sa ido. Ta ce doka ta ce daga ita sai direba. Ya ce to zai matsa tsakiya, ba shi da jiki. Ta dube shi ta saman tabarau har sai da ya sauko.

Da ta zagaya ɗaya gefen tana ƙwanƙwasa tayoyi, ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, ya warware kwarkwaron, ya tura shi ta ƙarƙashin kujera ya wuce ta ƙasan allon katakon da ya raba gaba da baya. Ya faki idon mutane ya buɗe ƙofar baya ya shige, ya lallaɓa tsakanin kiret-kiret ya tsuguna, ya ja tamfol ya rufa. Ya laluba ya kamo zarensa. Sai a lokacin ya tuna cewa daga nan ba ya ganin hanya, ba ya ganin allura, ba ya ganin ko tafin hannunsa. Ya ce a ransa ba komai, in dai Baba Direba ya iya auna gudu da kunne, shi da ya yi ilimi ai ya fi shi.

Mai gwaji ta shiga ta zauna. Ta ce a kunna fitilun gaba. Baba Direba ya murɗa, sai magogin gilashi ya hau kai da komo a kan busasshen gilashi yana ƙiƙi-ƙiƙi. Ta yi rubutu. Ta ce a kunna magogin gilashi, sai fitilar cikin mota ta kama. Ta sake yin rubutu, ta ce su zaga filin.

Baba Direba ya sa giya ta ɗaya. Tsohon inji ya yi gurnani kamar zai tsage, motar kuwa tafiyar hawainiya take. Can baya Ƙaramin-Alhaki ya ji ruri ya cika masa kunne, ya ce lallai an ɗauki hanya, ya ja zare da ƙarfi. Allura ta haye saba'in ta tsaya tana rawa. Daidai nan wani mai sayar da ruwa ya zo ta gefensu da bokiti a ka, ya wuce su ba tare da ya yi sauri ba. Mai gwaji ta bi shi da kallo har ya yi nisa.

"Baba, mutumin can a ƙafa yake?"

"A ƙafa yake, ranki ya daɗe."

"To yana yin tamanin."

Baba Direba ya gyara zama. Ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, inji ya sassauta murya, mota ta miƙe da gudu. Na baya ya ji ƙara ta ragu, ya ce an rage, ya saki zare. Suka wuce rumfar direbobi iska na kaɗa takardun mai gwaji, allura tana kan goma. Ta ce ya tsaya a gaban rumfar ya kashe.

Ya tsaya ya kashe. Allah da ikonsa, wata babbar mota da ke layin gefe ta tayar a lokacin, direbanta ya dinga taka totur yana ɗumama inji. Ƙarar ta girgiza kiret-kiret ɗin ƙwai. Ƙaramin-Alhaki ya ce yanzu ne aka zo wurin nuna bajinta, ya naɗe zaren a yatsa ya ja. Allura ta tashi a natse, ta wuce hamsin, ta wuce tamanin, ta je ɗari ta zauna.

"Baba, ka kashe motar kuwa?"

Dattijon ya zare makulli ya ɗaga mata shi. Ya ce shi dai shekararsa ashirin da motar nan, bai taɓa saninta da iskoki ba.

Ta ce ya tayar ya yi baya su gani. Yana sa giyar baya, hon ya ɓarke da kuka, don can ne wayarsa ta koma. Ƙaramin-Alhaki da ke tsugune cikin duhu ya zabura ya miƙe tsaye, kansa ya daki kiret ɗin sama, hannunsa ya fizgi zare, allura ta ƙure maleji. Baba Direba ya firgita ya danna birki. Abin da aka ji daga baya wata irin ƙara ce mai laushi, mai tsawo, wadda duk mai kiwon kaji ya san ma'anarta. Yaya da ke tsaye a rumfa ta dafe kai.

Mai gwaji ta sunkuya tana neman bironta da ya faɗi, sai ta ga baƙin zare ya miƙe ɗar daga ƙarƙashin gaban mota ya bi ta gefen ƙafarta ya shige baya. Ta sa yatsa ta ɗan ja. Aka ja daga can. Ta sake ja, aka sake ja, har da fizga, don shi a zatonsa zaren ne ya maƙale. Ta sauko, ta zagaya ta buɗe ƙofar baya. Ruwan ƙwai ya fara gangarowa kan ƙasa. Ta ɗage tamfol.

Ga Ƙaramin-Alhaki a durƙushe, farar riga ta koma rawaya, ɓawon ƙwai a kan hula, gwaiduwa na bin gemu tana ɗiga, zare naɗe a yatsa. Direbobin rumfa suka taso gaba ɗaya suka kewaye motar.

"Kai ne malejin?" in ji mai gwaji.

Ya share ido da bayan hannu. "Mataimakinsa ne, ranki ya daɗe."

Dariyar da aka yi a filin nan sai da ma'aikatan ofis suka leƙo ta taga. Wani direba ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Tela ya matso ya duba zaren ya ce wallahi nasa ne, tun shekaranjiya yake nemansa, yau ga allura ta tono garma. Ƙaramin-Alhaki ya fara bayani cewa wannan sabuwar fasaha ce da ba ta iso nan ba tukuna, amma ƙwai ya gangaro masa cikin baki, bayanin ya tsaya.

Bakanike bai yi dariya sosai ba. Ya shimfiɗa tsummansa ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ba a yi minti biyu ba ya fito, ya ce wayar maleji ce ta kwance daga jikin giyabos, notin ne ya warware, ya mayar ya ɗaure da hannu ko sifana bai sa ba. Ya ce da malejin yana da kayan ciki, da yanzu yana aiki. Ya tambaya ina kayan cikin. Ƙaramin-Alhaki ya ce suna shago, a cikin gwangwani, suna hutawa.

Mai gwaji ta cika takardarta ta miƙa wa Yaya. Ta ce ta ba su mako guda su dawo da maleji na gaskiya da wayoyi a mazauninsu, kafin nan motar ba za ta ɗauki kaya ba. Ta ƙara da cewa in za su dawo, a bar mataimakin a gida.

Kowa ya zaci Yaya za ta yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a. Ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya rasa inda zai sa idonsa, sannan ta ce, "Jiya har kuka na yi don murna." Wannan ta fi masa zafi a kan zagi. Ya sunkuyar da kai ya hau warware zaren daga yatsarsa.

Ta tafi otal da ƙafarta ta ba manaja haƙuri. Mutumin ya ce ya ji, zai jira takardar mako guda, amma ƙwai kam dole ya iso ƙofar kicin kowace safiya kafin ƙarfe bakwai, ko a mota ko a kan jaki, in aka yi fashin rana ɗaya ya nemi wani. Yaya ta ce zai iso. A hanyar dawowa ta biya ta ari baro a wurin wani mai gini.

Haka aka yi kwana bakwai, yayin da Bakanike ke neman maleji na hannu yana warware wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, mutanen layi suna ganin Ƙaramin-Alhaki kowace safiya yana tura baro shaƙe da ƙwai, Yaya na biye da shi taku biyu a baya da jakarta a hammata. Hanyar otal kuwa dole ta ƙofar shagonsa take bi. Tela kan fito da kofin shayinsa ya tambaye shi yau nawa yake yi, sittin ko tamanin.

Kwana biyun farko kansa a ƙasa yake wucewa. A rana ta uku bakinsa ya dawo. Ya ajiye baron ya ce su yi ta dariya, amma a je a tambayi Bakanike, duk shekarun da ya yi yana shan baƙin mai, ko ya taɓa sa motar da ke kashe ta yi ɗari. Mai aski ya ce gaskiya bai taɓa ba. Wannan ya ƙara masa ƙarfi. Ya sunkuya yana duban tayar baron, ya ce tun jiya yake jin tana wani ɗan kuka, ya kuma gano inda matsalar take, a ba shi minti biyar kawai ya ɗauko sukundireba.

Yaya ta gyara riƙon jakarta.

"Ka taɓa tayar nan, a ka za ka ɗauka."

Ya dubi kiret-kiret ɗin, ya dubi hawan da ke gabansa har otal. Ya miƙe ya kama hannun baro, tayar na kuka, suka wuce.